Mai Kiran Tsuntsu a Broad Channel

Tsuntsuwa ɗaya tak Hezekiya ya fita nema, da yammacin wata Asabar a watan Mayun 2016.

Ma'aikacin jinya ne a Bronx, can Amurka. Tun da abokan aikinsa Turawa suka koya masa kallon tsuntsaye, shi ke nan, kai ya kumbura. Mutumin da ya girma yana harbin kurciya da danƙo a Kagoro, wai yau shi ne mai rataya madubin hangen nesa a wuya, da ɗan littafin rubuta sunayen tsuntsaye. Ya kama hayar wani gidan katako na kwana biyu a Broad Channel, gida a kan turaku, bayansa fadamar ruwan gishiri iya ganinka. Ya taho da matarsa Dina, suka bar 'yarsu Bege wajen maƙwabciya a unguwarsu Mount Hope.

Tsuntsuwar da yake nema irin kazar ruwa ce, mai ɓuya cikin ciyawa. Dabarar masu wannan sha'awa ita ce a kunna mata kukan 'yar uwarta a waya, sai ta fito. Dina na yanka albasa ta ce masa rana ta kusa faɗuwa. Kakarta ko fito ba ta bari a yi a bakin ruwa da magariba, balle kira, don ba ka san wa zai amsa ba.

Ya ja tsaki. Shekara tara da aurensu, sunanta a bakinsa bai wuce "ke" ba.

"Ke, an kawo ki Amurka amma ƙauye ya ƙi fita daga kanki. Aljanin da kike tsoro, wa ya ba shi biza?"

Ya sauka ya bi 'yar hanyar cikin ciyawa. Laka na wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wani jirgin sama ya ratsa can sama, jirgin ƙasa ya haye gada da ƙararsa. Ya tsaya ya kunna wayar. Kek-kek-kek-kek. A ƙarshen kukan ana jin mutumin da ya naɗi sautin ya yi ɗan tari. Kullum tarin nan na ba shi haushi.

Shiru. Ya sake kunnawa. Shiru. Sai ya ɗaga murya, don dai Dina ta ji ta ji kunya: "To, mutanen ruwa, ga ni. Ku fito mana!"

Aka amsa. Kek-kek-kek-kek, daga hagunsa, kusa. Har ya fara murmushi yana laluben biro.

Sai aka yi tari.

Ya dubi wayar. A kashe take.

Sauro sun daina kuka. Ruwa ya ciko bai sani ba, ya kai masa idon sawu, sanyi ƙarara. Ya ɗaga madubin.

Wani abu na tsaye cikin ciyawa, toka-toka, dogo kamar zalɓe, amma ya fi shi tsawo. Inda baki na tsuntsu ya kamata ya kasance, leɓɓa ne na mutum. Suna motsi.

"Ke," in ji abin, da muryar Hezekiya. "Ke. Ke."

Gwadawa yake, kamar mai gwada takalmi.

Hezekiya ya buɗe baki. Iska kawai ta fito.

Abin ya karkata dogon wuyansa wajen gidan, inda fitilar kicin ke ci.

"Maman Bege," ya kira, a hankali, da laushi. "Don Allah zo ki gani. Maman Bege."

Ƙofa ta buɗe. Dina ta fito baranda, wuƙar albasa a hannunta. Ruwa ya riga ya shanye ƙasan matakala, baƙi ƙirin.

Ta taka ta farko.

Hezekiya ya ruga wajen gidan. Laka ta zare masa takalmi. Ya faɗi, gishiri ya cika masa baki.

Ta taka ta biyu.

Fuka-fuki suka buɗe a bayansa. Numfashi mai ƙarnin kifi ya sauka a ƙeyarsa.

"Don Allah, Maman Bege."

Dina ta tsaya. Ta dubi ciyawar. Ta koma da baya, ta kunna fitilar baranda, ta tsaya ƙyam da wuƙarta.

Da rarrafe ya isa hasken. Ta finciko shi ta wuyan riga, ta turo ƙofa, ta sa sakata. A waje muryarsa tana ta roƙo. Ta ƙofar gaba suka fice, shi ƙafa ɗaya ba takalmi, har tashar jirgin ƙasa.

Sai bayan kwana huɗu muryarsa ta dawo, a dishe. Abin da ya fara tambayarta shi ne me ya tsayar da ita.

Ba ta ko ɗago daga gugar da take yi ba. "Baban Bege, shekara tara, ka taɓa ce mini don Allah?"

Madubin yana ƙarƙashin gado yanzu. Ko tattabarun titin Grand Concourse ba ya ɗaga kai ya kalla. Ya koyi faɗin "don Allah", ya koyi "Maman Bege", bawan Allah, har da sassauta murya. Amma in ya faɗa daga wani ɗaki, Dina ba ta amsawa. Sai ya taso ya zo ta ga fuskarsa.