Gaisuwar da Ta Maƙale a Haƙora

—Ina kwana, Inna.

Muryar ta fito a matse ta tsakanin haƙora, kamar ta mai jin haushi. Inna ta ajiye carbinta, ta ƙare wa matar ɗanta kallo. Yarinyar na durƙushe a bakin ƙofa, hannu dafe da gefen kai, fuska a murtuke.

—Riƙe gaisuwarki! Wata bakwai kina gaishe ni baki a rufe. In buɗe shi nauyi yake miki, bar shi. Auta! Zo nan!

Auta ya fito da makullin motar ofis a hannu. Direba ne, kuma yana son matarsa son da ba ya ɓoyuwa. Tela ce, tun ranar da ta ɗinke masa aljihun riga ya laƙaba mata 'Yar Allura.

—Inna, wallahi kanta ne ke ciwo. An auna jini, an duba ido, ba a ga komai ba.

—Ba a gani ba don babu! Wane irin ciwo ne mai zuwa da safe, rana na ɗagawa ya tafi? Je shagonta da hantsi ka ji yadda take shewa da masu kawo ɗinki. Ni ce ciwon kan nata! Zuwa ƙarshen wata, ko ita a gidan nan, ko ni.

'Yar Allura ba ta tanka ba. Hawaye kawai. Da ta tanka ma, bakin ba zai buɗu ba, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa hakan ba, don a ganinta wannan ba abin kai ƙara ba ne. Wautarta ke nan.

Daga ranar ciwon ya ninka. Ta daina cin abin kirki.

Wata rana da azahar Auta ya biya shagon. Ya tarar da ita sunkuye kan yadi, fil shida na riƙe yadi jere a bakinta ta datse su da haƙora. Ta gama, ta gatsa zare ta tsinke, ga almakashi a gefenta.

—Haba 'Yar Allura, bakin nan akwatin kayan aiki ne?

—Plis bar ni, tenshan ya yi min yawa, ta ce, ta yi hamma.

Ƙas! Har inda yake tsaye ya ji.

—Mene ne wannan?

—Kullum haka yake yi. Nan gaban kunne.

Sai ya tuna ƙarar da yake ji tana yi cikin barci, kamar ana niƙa tsakuwa, wadda yake ɓoyewa don kada ta ji kunya. Da suka koma gida, ya ce gobe sai wurin likitan haƙori.

—Ƙafata ƙafarku, in ji Inna. In ji da kunnena an ce lafiyarta ƙalau.

Auta ya gaya wa likitar batun fil da ƙarar dare. Ta haska bakin, ta daɗe tana dubawa. Ta ce ta buɗe iya iyawarta. Yatsu biyu da ƙyar suka shiga.

—Mama, ba ni hannunki.

Ta ɗora yatsan Inna a gaban kunnen yarinyar.

—Buɗe kuma.

Ƙas! Inna ta fizge hannu kamar ta taɓa wuta.

—Wannan gaɓar ce ke haɗa muƙamuƙi da ƙashin kai, in ji likitar. Yini take datse da fil, ta kwana tana taunar haƙora ba ta sani ba. Dubi yadda suka cinye. Naman wurin ba ya hutawa, shi ya sa take tashi da ciwon kai da baki a ƙage, sai rana ta yi ya saki.

—Dokta, tana warkewa? Auta ya tambaya.

—Yawanci ana samun sauƙi sosai. Za mu auna mata robar da za ta riƙa sawa a baki in za ta kwanta. Tsumma da ruwan ɗumi safe da yamma. Abinci mai laushi, ban da cingam. Zan koya mata motsa muƙamuƙin a hankali. Fil kuma ya bar bakinta. Amma damuwa tana ƙara abin ƙwarai. Akwai abin da ke damunta a gida?

Auta ya sunkuyar da kai.

—Babu komai, Dokta, in ji 'Yar Allura. Inna na kula da ni.

Inna ta kawar da fuska.

Washegari yarinyar ta zo ta durƙusa kamar kullum. Kafin ta yi magana, Inna ta ɗaga hannu.

—Rufe bakin. Matso.

Ga kwano na tururi a gabanta. Ta matse tsumma, ta ɗora mata a kumatu, ta riƙe da hannunta. Sannan ta ɗaura mata wani ɗan matashi a wuyan hannu, ɗinkin hannu, karkatacce, da ƙyallen tsohon zanenta.

—Nan za ki riƙa soka fil. In na sake ganin ɗaya a bakinki, ni da ke ne. Ki yafe min, 'yar nan.

Bayan wata biyu gaisuwar ta fito sarai, har Inna ta ce a rage murya, ba kurma ba ce ita.

To ku ji, 'yan mata: haƙuri ya riƙe auren nan, amma ɓoye ciwo ya kusa kashe shi. Ku kuma manya, kafin ku yanke wa fuska hukunci, ku ɗora hannu ku ji inda ke ciwo.