Kwalba ta Huɗu

Ana kiran magariba a Bodinga Safinatu ta shigo gida, da ƙyar take ɗaga ƙafa. Ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin bakwaini na wani asibiti a Sakkwato, inda ake sa jarirai cikin kwalba. Tana cire takalmi dutse ya faɗo kan rufin kwano. Sai wani. Aka leƙa waje, babu kowa.

Sannan ƙara ta taso, tit, tit, tit, irin ta na'urar da ke lura da numfashin jarirai. Daga bakin 'yarta Bahijja take fitowa. Yarinyar tana tsaye, idanunta a kafe.

Kwana tara ana haka, kowace magariba. Ran na goma Ɗahiru, mijin Safinatu, ya je Shagari ya ɗauko Malam Ubaidullahi.

Malam ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Wa ke nan? Mi kika biɗa ga ɗiyar mutane?"

Bahijja ta amsa da muryar tsohuwa. "Ɗakin jarirai nike zaune tun kafin a gina shi. Safinatu ta ga numfashin ɗan kwalba ta huɗu ya yi ƙasa. Kwamfuta ta ƙi buɗewa, sai ta rubuta a takarda, ta wuce gida da ita cikin aljihu. Wadda ta karɓe ta ta duba kwamfuta, ba ta ga komi ba. Yaron bai kwana ba."

Safinatu ta ce, "Jarirai sha ɗaya, ni kaɗai. Mantawa na yi."

"Na sani, ina wurin. Amma uwatai Saratu tana Lambara, tana zaton ita ta kashe shi, don barci ya ɗauke ta ran nan. Safinatu ta je ta gaya mata, in fita."

"Ba a ciniki da jikin yarinya," in ji Malam. "Fita tukuna."

"Ta rantse za ta je," in ji muryar.

Safinatu ta rantse. Bahijja ta yi atishawa, ta faɗi, barci ya kwashe ta.

Washegari Safinatu ta sami Saratu tana shiƙar gero, ta faɗa mata komai a tsaye. Saratu ta ajiye faifai.

"Wata huɗu ban iya kallon mijina ba," ta ce. "Yana fadama. Ki jira shi dawo, ki maimaita mashi da bakinki."

Safinatu ta nemi gindin bango ta zauna.