Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Sabuwar masara na je karɓowa a Miri, ba wani abu ba. Inna ta aiko tun safe cewa idan ban zo ba za ta rabar wa maƙwabta, kuma na san halinta, za ta aikata. Da na tashi daga makarantar da nake koyarwa a Yelwa sai na haɗiyi maganin ciwon cikin da ya kwana biyu yana damuna, na hau acaɓa. Ɗan acaɓan ya sauke ni a bakin titi, wai shi ba ya shiga gona da magariba. Na yi masa tsiya, na ce ƙato da shi yana tsoron kara, na kama hanya da ƙafa.

Hanyar gidanmu siririya ce, ta ratsa gonakin dawa, dawar kuma ta fi ni tsayi. Ƙasa da danshi. Iska tana kawo hayaƙin garke. Can nesa ladan ya fara kiran salla, gyare suna ta kuka a gefen hanya.

Sai gyaren suka yi shiru lokaci guda.

"Hauwa'u."

Daga cikin dawa kiran ya fito, kuma muryar Inna ce, har da ɗan karkarwar nan da take yi idan ta gaji. Tare da shi warin man shanu ya iso, irin wanda take shafa wa kitsonta.

A nan sai na yi bayani. Ni 'yar fari ce, Inna kuwa Bafulatana ce ta gidi. Tun ranar da aka raɗa mini suna bakinta bai taɓa furta shi ba, saboda kunya. Idan aka tambaye ta sunana sai ta sunkuyar da kai ta bar wa wani ya faɗa. Azumi take ce mini, don a watan aka haife ni, kuma duk duniya ita kaɗai ke kirana haka. Ina ƙarama abin ya yi mini ciwo sosai. Ƙannena kowa ana kiran sunansa ɓaro-ɓaro, ni ko sau ɗaya. Na girma ina kwaɗayin jin sunan nan a bakinta.

Ita ce kuma ta koya mini cewa kiran magariba ba a amsa shi sai an ga mai kira. Wanda ya amsa, ya tafi.

Duk na san wannan, amma na buɗe baki. Kafin na'am ta fito wani abu ya tsinke a cikina, gefen dama, numfashina ya ɗauke, na kife a kan hanya.

Wani manomi da matarsa ne suka tsince ni. Abin da na iya tunawa na gaba shi ne fitilun asibiti suna wucewa ta saman kaina, da wani likita yana gaya wa Inna cewa ɗan hanjin nan da ake kira afendis ya fashe, sai an yi tiyata yanzu-yanzu. Inna ta bi gadon har ƙofar da aka hana ta wucewa.

Ɗakin tiyata da sanyi, ga warin maganin goge ƙasa. Wata mata gajera mai tabarau ta zauna daidai kaina, ta ce sunanta Dakta Eunice. Hausarta irin ta barikin sojan Shadawanka ce, inda ta tashi, mace ma "kai" take ce mata.

"Ni ne zan sa ka barci, ni ne kuma zan tashe ka," ta ce. "Su aikinsu ciki. Ni aikina kai."

Ta tambaye ni yaushe na ci abinci, ko akwai maganin da jikina ba ya so, ta leƙa bakina. Ta ce allurar za ta kwantar da kowace gaɓa tawa har numfashi, don haka za ta sa mini bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙa yin numfashi a madadina, ita kuma ba za ta ɗaga daga kujerar nan ba sai na dawo. Daga nan ta yi wata tambaya da ban zata ba: da wane suna mamana ke kirana? Na ce ai sunana Hauwa'u. Ta ce ta sani, ba shi ta tambaya ba. Wai a shekarun da ta yi tana wannan aiki ta lura mai fitowa daga barcin allura ya fi saurin jin sunan da ya fara ji yana goye.

Na ce mata Azumi. Ta ɗora mini robar iska a hanci, wani sanyi ya hau hannuna.

Sai ga ni a hanyar Miri.

Magaribar ba ta ƙare ba. Dawa hagu, dawa dama. Gyare ɗaya ne kawai yake kuka, tit, tit, tit, daidai da bugun zuciyata. Na so in juya, ƙafata ta ƙi.

"Hauwa'u."

Yanzu ya fi kusa. Karan dawa suna rabuwa a hankali, wani abu yana tahowa ba ya sauri.

Allah ya gani, na amsa. Da dukan zuciyata na amsa. Amma harshena ya mutu, kuma akwai abu a tokare a maƙogwarona. Ko iska ba ta fita ba.

Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba, ana kira ina kasawa. Can dawar ta fara dusashewa, farin haske ya cika mini ido. Na ji ƙarar ƙarafa a cikin kwano, na ji likitan tiyata yana cewa shi ya gama. Na dawo ɗakin, amma jikina bai dawo ba tukuna. Ko yatsa ba na iya ɗagawa.

Warin man shanu ya cika ɗakin.

Wata mata tana tsaye a wajen ƙafafuna, tsakanin nas biyu, ba wadda ta ganta. Zanen Inna ne, shuɗin nan mai ratsi. Kitson Inna. Tsagen gefen bakin Inna. Idon ne kawai ba ya ƙiftawa.

Wata nas ta bubbuga kafaɗata. "Hauwa'u, buɗe ido, an gama." Ta juya ta tambayi Dakta ko a cire bututun, tun da ga wani maras lafiya yana jira.

Matar mai zanen Inna ta yi murmushi. Ashe abin da take jira ke nan.

"A'a," Dakta Eunice ta ce. "Numfashinsa bai yi ƙarfi ba. Kuma duba zuciya yadda yake gudu. Mai jira ya jira."

Matar ta tako. Ba na jin takunta. Ta wuce nas, ta wuce na'ura, ta sunkuyo har kitsonta ya taɓa kumatuna. Sanyi gare shi kamar randa.

"Hauwa'u," ta raɗa mini. "'Yata ta fari."

Hawaye ya gangaro mini cikin kunne.

Ta ɗora yatsu biyu a kan bututun. Ta ja.

Na ji yana motsi a wuyana. Na'ura ta fasa ƙara.

Hannun Dakta ya sauka a kansa, ta danne shi a bakina. Aka ja, ta riƙe. Aka sake ja. Ina ganin jijiyar hannunta ta miƙe, tabarau ya zamo mata kan hanci. Da ɗaya hannun ta laluba ta kama nawa.

Leɓena sun fara motsi. Na'am tana hawowa.

Dakta ta kai bakinta kunnena, ɗaya kunnen.

"Azumi. Kar ka yi magana. Matse hannuna."

Ban san inda ƙarfin ya fito ba. Yatsa ɗaya ya motsa, sannan sauran.

"Yauwa, Azumi. Ƙara."

Na matse har farcena ya shige mata. Murmushin ya bar fuskar matar. Ta miƙe, ta yi ta miƙewa har kanta ya wuce fitilar tiyata, sai na daina ganinta.

Dakta ba ta cire bututun ba sai da na iya ɗaga kaina da kaina. Abin da ya fara fita daga bakina tari ne, sannan salati.

Washegari ta zo duba ni, da filasta a bayan hannunta. Na ba ta labari duka. Ta saurara, ta ce maganin barci yana sa mutum ganin abubuwa, kuma masu farfaɗowa sukan yi kokawa da bututu, shi ya sa ba ta barin kujerarta. Na gyaɗa kai. Har ta kai ƙofa sai ta tsaya, ba ta waiwayo ba. Ta ce abu ɗaya ne bai shige mata ba: ita ma ta ji warin, ta tambayi duk nas ɗin, ba wadda ta shafa man shanu.

Na warke. Na koma aiki, yara suna ce mini Malama, na hana abokan aiki kirana daga bayan ƙofa. Inna ban gaya mata komai ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Bara ta kwanta ciwo, na koma Miri ina jinyarta. Wata magariba ina tsakar gida ina dama mata kunu, ladan ya fara kira. Daga ɗakinta, bayan labule, muryar ta fito a raunane.

"Hauwa'u."

Ludayin ya faɗi. Na tsaya ina jiran in ji Azumi. Aka sake kira, ƙasa-ƙasa. Ƙafafuna suka ƙi, bakina ya ƙi, kuma ba wanda zai kama hannuna ya gaya mini abin yi. Kira na uku bai zo ba.

Da na iya ɗaga labulen ta riga ta cika, fuskarta na kallon ƙofa, hannunta a miƙe. Gwaggona ta ce haka ne, idan tafiya ta zo kunya takan saki uwa, ta kira ɗan farinta sau ɗaya da sunansa.

Har yau ban san wa na ƙi amsawa ba.