Mil Arba'in a Awa

"Kwanta! Na ce kwanta, tsoho!"

Mista Tillotson bai gama kurɓar shayin safe ba ya ji bakin bindiga a ƙeyarsa. Ya zube a garejinsa da rigar barci, kofin ya tarwatse. Dez Harker, shugaban 'yan fashin, ya taka masa baya. Na biyunsu, Lenny Sugden sarkin rawar kai, ya fizge yadin da aka lulluɓe motar da shi.

Ga ta nan, baƙa wuluk tana sheƙi. Ƙirar bayan yaƙin duniya ce, irin wadda kamfani ke yin inji kawai, maƙera su buga jikin da hannu. Duk yankin Yorkshire na Ingila babu ta biyunta.

Na ukunsu, wanda zai tuƙa, ya matso da fuska a rufe. Ya buɗe ƙofa, sai ya tsaya ya goge ƙasan takalminsa tas kafin ya shiga.

Tillotson ya ɗago kai daga ƙasa. "Wilf? Kai ne?"

Rufe fuska ya tashi a banza, goge takalmin nan ya tona shi! Wilf Ackroyd ne kuwa, makanikin da ya tsinto motar nan a rumbu, kaji na ƙwai a cikinta, ya ƙarar da ƙarfinsa a kanta har ta dawo amarya. Ana gama aiki Tillotson ya sallame shi, ya ce ɗansa zai ba motar, mashayin da ya riga ya kashe motoci biyu. Abin da ya hana Wilf barci ke nan. Da Dez ya ce yana da mai saye da zai ajiye ta a ɗaki kamar ƙwai, sai Wilf ya yarda. Ni dai na san Wilf, ko biredi bai taɓa sata ba.

Suka ɗaure Tillotson, suka fita.

"Ya aka yi ya gane ka?" in ji Dez daga kujerar baya.

"Oho."

"Oho? Ko dai alama ka yi masa?"

Motar na tafiya luf-luf tsakanin katangun dutse da garken tumaki. Dez ya leƙa allurar gudu, arba'in cif.

"Baba, gawa muka ɗauko?" Lenny ya ce. "Taka ta mana!"

"Sabon inji na haɗa mata. Sai ya saba. Ba ta wuce arba'in yanzu."

"Ka ji ɗan rainin hankali!" in ji Lenny.

A can gida mai kawo madara ya kwance Tillotson. Nan da nan waya ta isa ga Sajan Oldroyd ta 'yan sanda, mace mai ƙiba da ba ta son a katse mata karin kumallo.

"Lambar motar?" direbanta ya tambaya.

"Wace lamba? Ka tambayi duk wanda ka gani a hanya."

Gaskiyarta. Mai kai wasiƙu ya gan ta, matan bakin coci sun ɗaga mata hannu, wani manomi har hula ya cire.

Lenny ne ya fara jin jiniya. "Oga, ga su nan! Ga su nan!"

Dez ya danna wa Wilf bindiga a wuya. "Nawa suka ba ka?"

"Ba wanda ya ba ni komai."

"Tun a gareji na ga take-takenka, munafuki! Taka ta ko in fasa maka kai!"

Wilf ya ɗan taka totur. Allura ta ɗan haura, inji ya sauya murya, sai ya ɗage ƙafar kamar ya taka wuta.

"Ba zan iya ba, Dez. Zai lalace."

"Zan ƙirga uku! Ɗaya!"

"Tsaya. Kar ka yi a ciki." Wilf ya kunna alamar tsayawa, ya gangara gefen titi a hankali. "Jini ba ya fita daga fatar kujerun nan. Bari in sauka."

Ya sauka, ya rufe ƙofar da hannu biyu.

Tau!

Lenny ya ɓalle ƙofa ya kwasa da gudu wajen 'yan sanda, hannuwa sama. "Shi ne! Dez ne ya harbe shi! Ni ba ruwana!"

Dez ya haura mazaunin direba, ya kai hannun hagu neman giya, wayam! Giyar irin waɗannan motoci a dama take, jikin ƙofa. Yana cikin lalube aka finciko shi waje, aka kifa shi a kan kwalta.

Sajan Oldroyd ta durƙusa kan Wilf a cikin ciyawa. "Kawu, riƙe ranka, likita na hanya."

Leɓensa ya motsa, ta kai kunne.

"'Yata, kashe mata injin. Zafi take yi in ta tsaya a kunne."

Ta tashi ta kashe. Da ta dawo ya cika.

Dez ya sha ɗaurin rai da rai, Lenny ya sayi sassauci da bakin shaida. Har gobe Dez rantsuwa yake yi a kurkuku cewa Wilf ne ya sayar da su, kuma abin nan yana ƙona mini rai, don ƙarya ce. Motar kuwa ko ƙwarzane ba ta samu ba. An duba kujerunta ciki da bai, babu ɗigon jini ko ɗaya.