Layi Uku a Ƙarƙashin Aikin Kurciya

Auta na durƙushe a ƙarƙashin teburin karɓar baƙi na wani ƙaramin asibitin ido, rabin jikinta cikin wayoyi, ta ce duk wanda ya rubuta hanyar girka wannan manhaja ba ya tsoron Allah. Awa uku ke nan tana fama. Manhajar ta rajistar marasa lafiya ce a yanar gizo, irin wadda take a buɗe: kowa na iya saukewa kyauta, ya karanta kod ɗinta, wato rubutun da aka gina ta da shi, in ya ga kuskure ya tura gyara. Aikin Auta shi ne girka ta a ƙananan asibitoci, kuma ranar nan ta kafe a mataki na shida ta ƙi gaba ta ƙi baya.

Wani dogon saurayi da ya kawo mahaifiyarsa a duba mata ido ya leƙo allon, ya ce a hankali ta buɗe wa foldar hotuna izinin rubutu. Ta gwada don dai ta rabu da shi, sai abu ya wuce. Ta fito tana kaɗe ƙura daga mayafinta, ta tambaye shi yadda aka yi ya sani.

Ya sosa ƙeya. "Ni ne marar tsoron Allah ɗin."

Auta ta daina kaɗe mayafin, ta ƙura masa ido. Duk mai aiki da manhajar ya san wanda ya rubuta hanyar girka ta, Mai Makulli, mutumin da babu gyaran da ke shiga sai da amincewarsa. Ita kuwa ta san shi fiye da kowa, ko da yake ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Wata takwas kafin nan, Auta ta yi mako uku tana gyara wani kuskure da ke sa sunan majiyyaci ya ninku gida biyu. Ta tura gyaran da sunan aro, kurciya, tana ta sabunta shafin kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Amsarsa ta zo a layi uku, a bainar jama'a:

"Wannan ba gyara ba ne, shara ce.
Wanda ya rubuta ya nemi wata sana'ar tun da sauran ƙuruciyarsa.
An rufe."

Mutum arba'in da ɗaya suka manna alamar dariya a ƙasa. Ta ƙirga su, har ta haddace sunayen wasu. Daga ranar ba ta sake rubuta layi ɗaya na kod ba, ta koma girka aikin wasu.

Ga shi yau a gabanta, yana riƙe da jakar mahaifiyarsa, yana in'ina wajen neman lambarta. Ta ba shi. Ta gaya wa kanta don ta ga ƙarshen rashin mutuncinsa ne, kuma ƙarya take yi wa kanta, domin idonsa ta kalla.

Saƙonsa na farko ya shigo kafin ta isa gida: "Na gyara mataki na shida. Na rubuta cewa wata baiwar Allah ce ta tsine mini har na shiryu. Ina fatan kin isa lafiya."

Haka aka fara. Mutumin da ke yanka mutane a allo, a zahiri ko ƙuda ba ya iya kora da ƙarfi. Yakan zo da yamma su zauna a barandar gidansu, shi a kujerar roba mai karyayyen hannu, ita a bakin taga, Mama na leƙe ta labule tana tari na ƙarya. Yana kiranta Mataki Na Shida, wai a kanta ya kafe. Ita tana ce masa Malamina. In ta je girka manhajar a asibitin da intanet ke wasa, sai ya zauna a waya yana karanta mata umarni ɗaya bayan ɗaya, ko da ta fi shi sanin su.

"Malamina, ka ci abinci kuwa?" ta rubuta masa wata rana.

"Na ci. Amma tun safe kwamfutar zuciyata ke neman ki, amsa ɗaya take samu: a sake gwadawa."

Ta ce masa wannan zance ko a shara ba za a karɓa ba, ta kuma karanta shi sau goma.

Sau uku ta buɗe baki za ta gaya masa ita ce kurciya. A karo na uku shi ya riga ta. Yana ba ta labarin irin shirmen da ake turo masa, sai ya ce bari ta ji na wani sakarai. Ya ciro waya, ya nemo shafin, ya karanta mata layukan nan uku da murya mai daɗi, yana dariya har da dukan cinya. Ya ce shi ko buɗe fayil na biyu bai yi ba, daga ganin yadda aka jera layukan ya san ba a iya ba. Auta ta yi murmushi, ta ce bari ta kawo masa ruwa. A kicin ta jingina da firiji ta yi kukan da ba ya sauti, ta wanke fuska, ta kawo ruwan da sanyinsa.

Mutum ɗaya ne ya san sirrin, abokin aikinta da ake kira Injiniya, ko da yake babu makarantar da ta ba shi sunan. Shi ta nuna wa kod ɗin ranar da aka ci mata mutunci, ya ce ta tura masa ya duba. Bayan wata uku ya jera layukan yadda Mai Makulli ke so, ya tura da sunansa. Aka karɓa, aka yaba, har aka sa shi cikin masu duba gyaran wasu. Da ta yi masa magana sai ya ce ai taimakonta ya yi, aikinta ya shiga. Daga baya ya nemi aurenta, ta ce a'a. Mutum irin Injiniya yana iya yafe wa wanda ya cuce shi, amma ba ya yafe wa wanda shi ya cuta.

Saura kwana biyu kawunnan Mai Makulli su zo neman aure, Injiniya ya buga shafin layukan nan uku a takarda, ya kai wa Baba har gida, yana sunkuyar da kai irin na mai jin nauyin abin da ya kawo.

Baba tsohon malamin firamare ne. Shekara talatin da biyar yana riƙe da jan biro, kuma abin da yake alfahari da shi guda ɗaya ne, bai taɓa karanta makin yaro a gaban aji ba. Ya karanta takardar sau biyu, ya kira Auta ya tambaye ta ko ita ce kurciyar. Ta ce ita ce. Ya tambaye ta ko shi ya sa ta daina zama da kwamfuta tana magana ita kaɗai kamar da. Ta sunkuyar da kai. Sai ya aika cewa in kawunnan za su zo, yaron ma ya biyo su.

Suka zo cikin manyan kaya, aka cika falo. Bayan gaisuwa Baba ya miƙa wa Mai Makulli takardar, ya ce idonsa ya yi rauni, ya taimaka ya karanta masa da ƙarfi. Auta na bayan ƙofa. Ta ji ya fara karantawa, ta ji ɗan murmushi a muryarsa a layin farko, na mutumin da ya gane rubutunsa. A layi na biyu muryar ta yi ƙasa. Baba ya ce bai ji ba, ya maimaita. Ya maimaita. Baba ya ce har yanzu bai ji ba.

Sai da ya karanta sau huɗu, babban kawunsa na share gumi da hula, kafin Baba ya karɓi takardarsa ya ninke.

"Kurciyar nan 'yata ce," in ji shi. "Ka ce ta nemi wata sana'a, ta nema. Yanzu ni ma ina ba ka shawara tun da sauran ƙuruciyarka, ka nemi wata matar. An rufe."

Ko ruwan da aka kawo musu ba su sha ba.

Saƙonsa ya zo bayan awa guda: "Wata bakwai kina kallona ina wauta. Kin zauna na karanta miki, kin kawo mini ruwa. Wannan wace irin mugunta ce?"

Ta amsa: "A wurinka na koya, Malamina. Ka buɗe fayil na biyu."

Mako biyu babu ko gaisuwa. Auta ta rame, Mama ta daina yi wa Baba magana sai ta bakin yayar Auta, Baba kuwa ko a jikinsa. Injiniya ya fara sayo mata lemo a ofis, tana bai wa mai shara.

Mai Makulli kuwa ya buɗe fayil na biyu. Manhaja irin wannan ba ta mantuwa, kowane layi na ɗauke da sunan wanda ya kawo shi da ranar da ya shigo. Ya ajiye aikin kurciya kusa da na Injiniya, ya ga abu ɗaya ne, tazarar layuka kawai aka sauya. Gyaran da asibitoci ɗari biyu ke amfani da shi, wanda ya yaba da bakinsa, shi ne wanda ya kira shara. Ya cire Injiniya daga masu duba gyara, ya mayar da sunanta a kan aikinta, ya rubuto mata cewa zai goge layukan nan uku yanzun nan.

"Kar ka taɓa su," ta amsa. "A gaban mutane ka rubuta. In kana da abin faɗa, ka faɗa a ƙasansu."

Ya rubuta ban haƙuri mai tsawo. Ya ce aiki ya yi masa yawa a lokacin, shi kaɗai ke duba komai, ba a biyansa ko sisi, kuma in an ji zafin kalamansa yana ba da haƙuri. Auta ta karanta a motar haya. Ta shiga da sunan kurciya, karo na farko cikin wata goma sha biyar, ta rubuta:

"Wannan ba haƙuri ba ne, uzuri ne.
A sake."

Mutum casa'in suka manna alamar dariya. Ta ƙirga su, ta jira ta ji daɗi. Daɗin bai zo ba, domin goma sha ɗaya daga cikinsu su ne dai waɗanda suka yi mata dariya a baya. Ta gane cewa abin yana da sauƙi, layi biyu da yatsa ɗaya, kuma hakan ya fi komai ba ta tsoro.

Bai kare kansa ba. Ya je wurin Baba shi kaɗai, ya zauna a ƙasa. Baba ya bar shi minti ashirin yana sauraren rediyo, sannan ya yi masa tambaya ɗaya: 'ya'yan mutane nawa ya yi wa haka? Ya ce bai sani ba. Baba ya ce ya je ya ƙirgo.

Ɗari da goma sha uku ne. Wata biyu ya yi yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe kowane fayil har ƙarshe, yana rubuta wa kowa a ƙarƙashin zagin da ya yi masa. Tara daga cikinsu gyaransu daidai ne. Yawanci ba su amsa ba. Wani ya zage shi har da iyaye. Wata ta rubuto cewa ta yafe, amma ta sayar da kwamfutarta tun bara, yanzu kayan yara take sayarwa, kar ya sake nemanta. Wannan saƙon ya ɗauki hotonsa ya turo wa Auta, ita kuwa ba ta lallashe shi ba.

Nata ya bari na ƙarshe: "Ban karanta aikinki ba na zage ki. Aikinki daidai ne, ni ne ban iya ba. Na raba ki da abin da kike so, ba ni da hanyar mayar miki da watannin nan. Ki yafe mini."

Ta bar shi kwana uku. Ranar ta huɗu ta tura sabon gyara, na mataki na tara da ya daɗe yana ba ta haushi, sannan ta rubuta a ƙasan ban haƙurinsa: "An karɓa." Ta tura masa a waya: "Malamina, kujerarka mai karyayyen hannu na nan. Mama ta hana kowa zama."

"Kurciyata," ya amsa, "in zo yau?"

"Ka fara duba gyarana. Duka fayilolin."

Baba bai sauko da wuri ba, sai da kawunnan suka yi sawu uku. Aka ɗaura aure wata Asabar da hantsi. Da aka kawo su gabansa, Baba ya ɗora hannu a kan Auta ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya tsare harshensu daga juna. Sannan ya zaro tsohon jan bironsa daga aljihu ya miƙa wa ango, ya ce shekara talatin da biyar bai kashe kowa da shi ba, ya gwada ya gani. Mama ta ce amin tana kuka, kawunnan suka ce amin da ƙarfi.

Yanzu makullin manhajar biyu ne, ɗaya a hannunta. Layukan nan uku suna nan inda suke, duk sabon mai turo gyara yana iya gani. Wani lokaci in sun zauna aiki a teburi ɗaya, takan ga ya rubuta sharhi ya tsaya, ya juyo da allon wajenta kafin ya tura. Ta yafe masa har zuciya, Allah ya sani. Amma mai kayan yaran nan ba ta dawo ba, kuma duk ranar da ya tambaya ko yanzu a goge, amsar Auta ɗaya ce: a bar su.