Tsohuwar Gindin Kwakwa

Ku matso kusa. Ke Ladi, rage fitilar nan. Labarin Kawu Haladu zan ba ku, wanda kuke gani ana jan hannunsa zuwa masallaci alhali idonsa garau.

Da can direban babbar mota ne. Albasa yake ɗauka daga Galmi zuwa Ankara ta ƙasar Gana, ta hanyar nan da ke bin bakin teku. Shi ya koya wa yaron motarsa, Sallau, tuƙi. Sai ga Sallau ya samu tasa motar, kullum kuma shi ke riga kowa isa kasuwa. Dillalai ba su da magana sai ta Sallau. In Haladu ya ji sunan, abinci ma ba ya wuce masa. Yaron da ya ɗora wa hannu a sitiyari!

Wata rana ya bi shi a baya, nesa-nesa. Gab da iyakar Togo, inda itatuwan kwakwa suka yi layi, rana tsaka, Sallau ya tsaya. Wata tsohuwa ta fito ta shiga motarsa. Kafin Haladu ya sake giya, motar ta ɓace masa.

"Ashe asirin ke nan," in ji shi.

Tafiya ta gaba ya yi sammako, ya riga Sallau zuwa wurin. Ba kowa, ko tsuntsu. Sai ya ji an buɗe ƙofa.

Tsohuwar ta shigo ta zauna. Warin gishiri ya cika motar. Ya saci kallon ƙafafunta. Ruwa ke tsiyaya daga gare su, ba ya tsayawa, ƙananan ƙaguwoyi na yawo tsakanin yatsun.

Bakinta ya motsa, ya rufe. Sannan muryar ta iso.

"Ba kai nake jira ba."

"Sallau ba shi da lafiya, Iya. Shi ya aiko ni."

Ta juyo ta dube shi. Ta san ƙarya ce.

"Me kike ba shi?" ya tambaya.

"Hanya."

"Ni ma ki ba ni."

"Guda ɗaya ce. In na ba ka, na karɓe masa."

Haladu ya tuna dillalan nan da dariyarsu. Zuciyarsa ta yi baƙi.

"Karɓe," ya ce.

Nan take titi ya miƙe sumul, ba rami, ba shinge, ba mota ko ɗaya. Teku na hagunsa tana sheƙi. Bai taɓa jin daɗin tuƙi irin na ranar ba. Can ya waiga dama. Nan ma teku ce.

Sai ya ji ham a bayansa. Ya duba madubi. Motar Sallau ce. Titin da Haladu ya wuce yana narkewa, ruwa na hawa tayoyin Sallau, ya kai fitilu, ya kai gilashi. Ta gilashin ya hango fuskar. Sallau ba kansa yake wa ihu ba. Hannu yake ɗaga wa Haladu, wai ya tsaya.

Haladu ya taka birki da ƙafa biyu.

"Mayar masa! Iya, don Allah mayar masa!"

Bakin ya motsa. Ya jira muryar.

"Ba na sauka hannu wofi."

"Ɗauki tawa hanyar."

Bai san sanda ta fita ba. Ya farfaɗo ne Sallau na janye shi a kan rairayi, gaban motar Haladu cikin igiyar ruwa, buhunan albasa na iyo.

"Maigida, me ya kai ka?" Sallau na kuka. "Tun ranar da na fara ɗaukarta ban sake barci mai daɗi ba. Na ɓoye maka ne don kada ta san fuskarka."

Tun daga ranar Kawu Haladu bai ƙara gane hanya ba. In ya fita ƙofar gida shi kaɗai, sai a tsince shi a bayan gari yana juyi. Sallau ne ke ciyar da gidansa har yau. In ya zo gaishe shi, Kawu yakan amsa, amma ba ya iya ɗaga ido ya dube shi.

To, in Allah ya kai ɗayanku bakin teku, kada ya bi titin kwakwar nan shi kaɗai. In kuma wata ta ɗaga muku hannu da rana tsaka, ku fara duba ƙafarta.

Ladi, ƙara fitilar.