Wurin da Ba a Kiran Sunanta

Muna tsaka da gwajin wasa a kan dandamali, ina sanye da rigar 'yan ƙwallo, sai na ji muryar Yayata daga lasifika.

"Miƙo nan, Tarlisha! Miƙo!"

Ƙwallon ta suɓuce mini. Na waiga... ga ta a jikin farin allo, tana gudu a jan filin ƙwallo na garinmu Galiwin'ku, tana dariya. Yayar da muka binne daminar bara!

Mai sharhin ƙwallo a allon ya ƙwala kiran sunanta. Na toshe kunne.

"Ku kashe! Don Allah ku kashe!"

A wurinmu ba a kiran sunan mamaci, ba a kallon hotonsa, sai dangi sun ba da izini. Kira yakan juyo da shi yana kan hanyar zuwa makomarsa. Ga shi Mama na zaune a kujerar gaba, don ta biyo ni birnin Darwin ta ga yadda zan fito a matsayin Yaya a wasan waƙa da aka shirya kan rayuwarta.

Callum ya shigo a guje. Shi ya shirya fim ɗin ƙungiyarmu ta ƙwallo tun Yaya na raye, ita ta fito da kanta a ciki. Shi ne kuma Baturen da ke son aurena.

"Imogen, me kika yi?"

Imogen, mai ba da umarnin wasan, tsohuwar budurwarsa, ta ɗaga kafaɗa.

"Kai ka ce fim ɗin ya fi wasan rai. Na ɗan aro ne."

Ɗan aro! Ta san abin da take yi sarai, muguwa.

Mama ta miƙe, ta dubi tsakiyar idon Callum.

"Kai ka kulle 'yata a akwati. Kullum tana gudu, ba ta isa gida. Muddin ana haska ta, ba ni ba kai, kuma ba kai ba Tarlisha."

A waje na same shi, idonsa jawur.

"An gayyaci fim ɗin zuwa bikin fina-finai a birnin Melbourne, masoyiya. Shekaruna ne a ciki..."

"Na sani."

"A dandamali kwaikwayonta kike yi. A fim ita ce, ita kanta!"

"Shi ya sa, Callum. Ni idan labule ya sauka ina cire rigar. Ita yaushe za ta cire?"

Ban faɗa masa cewa ni ma zuciyata na mutuwar son sake ganin wannan dariyar ba. Tun ranar nake jin takunta a bayana duk lokacin da na hau dandamali.

Ranar buɗe wasa babu allo. 'Yan wasa sun ce ko a cire shi ko su ajiye riguna, dole Imogen ta haƙura. Da aka zo inda 'yan kallon cikin wasan ke kiran sunanta bayan ta ci ƙwallo, kiɗa ya tsaya cak. Muka ɗaga hannu sama, bakinmu a rufe. Zauren ya yi tsit.

A cikin shirun nan na ji takun ya wuce ni, yana nisa... har na daina ji. Na fashe da kuka, mutane suka ɗauka wasa ne.

A bakin ƙofa Callum ya ajiye wata 'yar na'ura a gaban Mama.

"Fim ɗin kenan, babu wani kwafi. Na janye daga Melbourne. Sai ranar da kuka ce, ko da ranar ba za ta zo ba."

Mama ta juya masa baya. Ko kallo bai samu ba.

"Tarlisha, gaya masa ya rame. Ya zo gida a ba shi kifi."

Fuskarsa ta sauya. "Har yanzu fushi take? Ko magana ba za ta yi mini ba?"

Ina hawaye ina dariya na kama hannunsa.

"Kai dai ba ka da wayo, abin ƙaunata! A wurinmu uwa tana yi wa kowane baƙo faɗa ido da ido. Mijin 'yarta kaɗai take juya wa baya."